Na Zaɓi Ordinatar Kamar Injin Kamiyo

Ba zan taɓa mantawa da fim ɗin auren Isiyaka ba. Ko na so in manta ma babu hali, domin kile ɗin, ɗan abin nan da ake zuba fim a ciki a soka a jikin tele, yana aljihun surukina har yau.

Ni makaniki ne. Garajina yana bakin hanyar gada, nan cikin Gaya, kuma injin kamiyo, manyan motocin kayan nan, nake gyarawa tun ina saurayi. A lakwal, makarantar boko ke nan, ban wuce aji shida ba, amma in dai maganar inji ce, ba na neman takarda. Idan aka kawo tsohon inji daga Kwatano aka ce in duba kafin a saya, sai in sa a tayar da shi, in ɗora tafin hannuna a jikinsa, in kara kunne, in shinshina hayaƙin. Nauyinsa da muryarsa da zafinsa su ne ke gaya mini ko zai kai kaya Yamai ko zai kwana a Doso. Ban kawo wannan don yabon kai ba. Na kawo shi ne don a san da wane irin kai na shiga kasuwa.

Matata Hadiza aikin sakatare take a wani biro, wato ofis, na masu fitar da kaya daga duwan, wurin ƴan kwastan. Yini take a gaban ordinatar, wato kwamfuta, yatsunta na gudu ba ta ko kallon su. A lokacin shekararmu goma sha ɗaya da aure. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Alhaji, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, kuma tsakanina da shi akwai kunyar nan ta suruki, cikakkiya. In na je gaishe shi, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in tsuguna can nesa, idona a ƙasa. Ya ce ina gajiya, in ce babu gajiya. Ya ce ina iyali, in ce lafiya lau. Shi ke nan, in tashi. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na hango shi a kasuwa, sai in tuna ina da aiki a wani layin. Har labari ya dawo mini cewa Alhaji yakan ce wa mutane, “Mijin Hadiza mutum ne natsattse, bakinsa ba ya wuce gaisuwa.” Wannan shaida ita ce babban abin da na mallaka a dangin matata, kuma na daɗe ina lallaɓa ta. (Waɗanda ke zama a bencin garajina sun san wani mutum dabam, amma ba su da hanyar shiga gidan Alhaji.)

Sai aka sa ranar auren Isiyaka, ƙanen Hadiza, autan Alhaji. A Bengu za a ɗaura, can ne garinsu na asali, can ne kuma gidan su amarya. Ana saura ƴan kwanaki aka ce ƙafar Alhaji ta kumbura, ba zai iya hanya ba, yayansa Baba Ɗanladi da ke zaune can shi zai karɓi auren. Su biyun nan kuwa akwai wata gonar rake da ubansu ya bari, wadda ta sa gaisuwarsu ta gajarce shekaru da yawa. Kowa a dangi ya san da zancen, ba mai furta shi.

Ba wanda ya aike ni. Ni da kaina na ce wa Hadiza ta gaya wa mahaifinta kada ya damu, zan ɗauko masa bikin tun daga farko har ƙarshe, ya kalla a telensa kamar yana wurin. (Ta bakinta na aika, don ni ba zan iya jera masa kalmomi masu yawa haka ba.) Amsa ta dawo. Ya gode, abu ɗaya kawai yake roƙo: kada a sa masa kiɗa a kai kamar yadda masu ɗaukar biki suke yi. Yana son ya ji ɗaurin auren da addu'o'in da kunnensa.

Ranar biki na yini tsaye da waya a hannu. Kusa da ni akwai Sumaila, direban kamiyo, abokina tun na ƙuruciya, wanda ya raka ni don cin shinkafa. Mun ɗan taɓa hira ƙasa-ƙasa, irin ta mutum biyu da rana ta dama. Ban ɗauke ta a bakin komai ba. A tunanina waya kamar ido take, abin da ta fuskanta shi take ɗauka, abin da ke bayanta ba ruwanta da shi.

Na dawo gida da guntayen bidiyo barkatai. Wani rabinsa ƙasa ce da yatsun ƙafata, wani sama ce da kan giginya, wani kuma ƙeyar wani mutum ce mai hula. Dole a yanke a haɗa, abin da masu sana'ar ke ce wa montaji. Hadiza ta ce akwai mai yin wannan aikin kusa da tasha, in kai masa. Na ce mutumin da ke warware inji gunduwa-gunduwa ya mayar da shi ya tashi, hoto ba zai gagare shi ba. Ordinatar zan saya, irin na ɗauka a hannu, in yi aikin da kaina, ya kuma zama na gida.

Ba ta yi gardama ba. Ta yago takarda ta rubuta layi uku da rubutunta mai kyau.

“Baban Amadu, wannan na sama shi ne mamuwar, wato yawan abin da zai iya riƙewa a kansa lokaci guda. Kada ka yarda da wanda ya gaza haka. Na biyu sunan irin ƙwaƙwalwar da ke ciki ne, ka nuna wa mai shago, shi zai gane. Na uku kuwa, ka tafi da bidiyonka, a saka a gabanka, ka yanka ka gani, ka kuma saurari sautin da kyau. Ko in tashi aiki da wuri gobe in raka ka?”

“Ke da kike buga wasiƙa,” na ce, “me ya haɗa ki da inji?”

Na dai karɓi takardar na sa a aljihu. Da safe a garaji ina neman abin da zan goge sandar awon mai ta wani kamiyo, hannuna ya faɗa kanta. Sai da na goge na ga rubutu. Na ce ba komai, ai na riƙe abin da ta faɗa. (Ban riƙe ba.)

Mai shagon da na je wurinsa mutumin kirki ne. Ina so a san wannan tun yanzu, don duk abin da ya biyo baya babu hannunsa a ciki. Na gaya masa aikin da zan yi. Ya shiga ciki ya fito da wani abu siriri mai launin toka, ya ajiye a kan tebur.

“Maigida, wannan ne na aikinka. Na hannu ne, amma zai yanka maka bidiyo kamar wuƙa a jikin tumatir.”

Na ɗaga shi da yatsu biyu. Na ce wannan ai faranti ne. Ya danna, fuskar ta kawo haske, na kara kunne. Shiru.

“Ya tashi kuwa?”

“Ya tashi mana, ga shi kana gani.”

“To ina muryarsa?”

“Ba ya ƙara, maigida. Masu kyau ba sa ƙara.”

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa mai kamiyon da ya zo yana koya mini aikina. Can a ƙasan kanta na hango wani baƙi, mai kauri kamar bulo. Na ce a ɗauko. Da aka miƙo mini shi sai da na sa hannu biyu, nan take hankalina ya fara kwanciya. Aka nemo masa mahaɗi, don kan wayar wutarsa mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, aka jona. Ya yi tari sau biyu, sannan fankar cikinsa ta ɗauki gurnani. Na kai bayan hannuna gefensa, iska mai zafi tana fitowa kamar daga bututun hayaƙi. Na ƙwanƙwasa murfin. Har shinshinawa na yi, Allah ya gani.

“Wannan shi ne inji,” na ce.

“Maigida, wannan tsohon na biro ne. Don rubutu aka yi shi, ba don bidiyo ba. Kuma lasifikarsa ɗaya ta mutu, ɗayar ma da ƙyar take magana.”

“Ni ba rediyo na zo saye ba.”

“Wannan ƙarar da kake ji ba ƙarfi ba ne fa. Wahala yake sha.”

“Ɗan'uwa, kai ka san saye da sayarwa. Ni na san inji.”

Ya dube ni, ya dubi ordinatar, ya ce Allah ya sa albarka. Ya saka mini abin yankan bidiyo, ya nuna mini yadda ake jawo guntu a ajiye bayan wani, da inda ɗan almakashin yake. Wayata tana aljihu da bidiyon duka a ciki, ban fito da ita ba. Na ɗora abina a bayan babur, na ɗaure da roba kamar batir.

A gida Hadiza ta buɗe shi, ta danna wurare biyu, ta karanta wani abu, ta rufe.

“Ina takardar da na ba ka?”

Na ce na yi amfani da ita. (Ba ƙarya na yi ba, amma ina roƙon Allah ya yafe mini wannan gaskiyar.)

A garaji na yi aikin, tsakanin azahar da la'asar lokacin da motoci ke lafawa, don ba na son ta tsaya a kaina. Zuba bidiyon kaɗai ya ci yini guda. In na jawo guntu, sai in je in ɗaure ƙusa huɗu in dawo kafin ya iso inda na ce ya je. In na ce ya nuna mini abin da na haɗa, sai ango ya ɗaga ƙafa ɗaya ya daskare a haka, can kuma sai ka gan shi ya riga ya zauna. Fanka tana gurnani kamar kamiyo mai kaya ya kama hawa. Sumaila ya zo wucewa ya tsaya ya saurara, ya ce in sa masa taya kawai su tafi Yamai tare. Na ɗauki wannan a matsayin yabo.

Sautin kuwa, in na manna kunnena a lasifikar da ta rage, abin da nake ji wani gunaguni ne a tsittsinke. Na ce hayaniyar taro ce, dama haka biki yake. Sau biyu ya yi zafi ya mutu ana tsakiyar aiki. Maimakon in gane, sai na ji tausayinsa kamar ma'aikacin da ya yi aiki har ya faɗi. Na ɗora shi a kan bulo biyu, na juyo masa babbar fankar garaji. Yanzu fanka biyu ke ihu. Ko bindiga aka harba a cikin bidiyon nan ba zan ji ba.

Da ido kawai na yi montajin. Na cire ƙasa, na cire sama, na cire ƙeyar mai hula. Sauti ban taɓa shi ba, tunda Alhaji ya ce a bar masa.

An sa ranar Lahadi da hantsi za a kalla, don ranar ce ango da amarya za su zo gaida Alhaji, kuma Baba Ɗanladi zai rako su ya duba ƙanensa. Fim ɗin bai gama fita ba sai safiyar ranar. Na zuba shi a kile. Hadiza ta ce, “Mu saka a telenmu mu gani tukuna, ko minti biyar ne.” Na ce lokaci ya ƙure. Gaskiyar magana ita ce na san in ta gani za ta sami abin gyara, kuma ina son ta fara ganinsa a gaban danginta, lokacin da ake yaba mini.

Falon Alhaji ya cika. Shi yana kan kujerarsa, ƙafar a miƙe bisa matashi, an lulluɓe ta da zane. Baba Ɗanladi yana kujerar ɗaya gefen, kowannensu ya sami wani abin kallo a bango. Maza a kan tabarma, mata daga ƙofar cikin gida, Hadiza a cikinsu. Ni ina wurina na kullum, bakin ƙofa, kusa da takalma. Saboda kunnen Alhaji ya yi nauyi, Isiyaka ya aro manyan bafil guda biyu, lasifikan nan irin na wurin wa'azi, ya jona su da tele, ya ƙure murya.

Farko lafiya lau. Hanyar Bengu, giginyu, ƙofar gidan da za a ɗaura aure. Hoto tsaf, ba daskarewa. Har na ji wani ya ce, “Kai, kamar aikin ƴan Yamai.” Na ƙara sunkuyar da kai, irin na mai kunya da ake yabo.

Sai wata murya ta cika ɗakin, ta fi ta kowa kusa, ta fi ta kowa ƙarfi.

“Sumaila, dubi ango. Rigar ta fi shi. Kamar an rufa tamfol a kan babur.”

Ban gane ta nan take ba, don mutum bai san muryarsa daga waje ba. Sai da na ga ana waiwayowa wajen takalma. Aka yi dariya, har da angon, rabi da rabi. Ni ma na yi, ina ƙoƙarin tuno me kuma na faɗa a ranar. Abin da na fara tunowa ya sa na haɗiye dariyar.

A tele aka nuno Baba Ɗanladi ya ɗaga hannu zai buɗe taro da addu'a, sai ga muryata kuma.

“To, mun shiga uku. Tsohon nan in ya kama addu'a birkinsa tsinkewa yake. Sai mun dangana da Doso.”

“Hm,” in ji Sumaila.

Dariya ta mutu. Wata daga cikin mata ta yi tari. Baba Ɗanladi na gaske ya gyara zaman hularsa yana kallon Baba Ɗanladi na tele. Addu'ar ta ci gaba, mutanen Bengu na ta amin, sai ga muryar Sumaila a ƙasan amin ɗin.

“Wai ina surukin naka? Ban gan shi ba.”

“Wai ƙafa.”

“Allah ya sawwaƙe.”

“Wace ƙafa? Ranar kasuwa da idona na gan shi a bayan babur ɗin kabu-kabu. Ba ƙafa ba ce, Sumaila, gonar rake ce. Ba ya son ya hau tabarma ɗaya da wannan tsohon.”

“Hm. A bar zancen.”

“Ni dai na gaya maka.”

(A duk tsawon fim ɗin nan Sumaila bai faɗi abin da ya wuce “hm” da “Allah ya kyauta” ba. Mutumin da duk tasha ta san shi da surutu, ya fito kamar waliyyi.)

Isiyaka ya yi wuf zai kashe tele. Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Bar shi. Auren ɗana nake kallo.”

Aka bar shi. Saura fiye da rabin awa, kuma ban san akwai lokaci mai tsawo haka a duniya ba. Ana ɗaura aure, muryata na cewa liman yana haɗiye kalmomi. Aka kawo shinkafa, muryata ta ce in aka tara naman da ke cikinta duka bai kai kan ɓera ba. Aka nuno wata gwaggon Hadiza tana guɗa, muryata ta ce da za ta yarda da an ɗaura ta a gaban kamiyo ta riƙa korar shanu daga hanya. Gwaggon tana nan zaune a bakin ƙofar cikin gida. Na dubi takalman da ke kusa da ni, na kasa gane nawa. Na yi tunanin tashi, amma suruki ba ya tashi sai an sallame shi. Sau ɗaya na ɗaga ido wajen mata. Hadiza ta ja mayafinta har ya rufe mata fuska.

Fim ya ƙare da hoton amarya tana shiga mota, da muryata tana cewa, “Alhamdu lillahi, hannuna ya mutu.” Fuskar tele ta koma shuɗiya.

“Shekara goma sha ɗaya,” in ji Alhaji, bai dube ni ba, “yaron nan yana shigowa gidan nan. Na ɗauka kalma huɗu ya sani. Ashe tara su yake yi.”

Ba wanda ya yi dariya.

“Mijin Hadiza.”

“Na'am, Baba.”

“Matso.”

Na matso da gwiwa. Ya ce in ƙara. Ban taɓa zuwa kusa da shi haka ba. Ya sa hannu ya yaye zanen. Ƙafar ta kumbura tun daga idon sawu har gwiwa, ta yi duhu, fatar tana ƙyalli.

“An ce kai da hannu kake gane ciwon inji. Taɓa.”

“Baba, don Allah…”

“Taɓa.”

Na ɗora tafin hannuna. Zafi rau, kamar injin da ya yi tafiya ba ruwa.

“Me ka ji?”

“Da zafi, Baba.”

“Rake ne?”

“A'a, Baba.”

“Ranar da ka gan ni a kan kabu-kabu, likita aka kai ni. Da ka tsaya ka gaishe ni, da na gaya maka. Amma na ga ka shige layin masu tumatir.”

Ya mayar da zanen. A cikin halin da nake ciki ma na lura Baba Ɗanladi ya fi ni daɗewa yana kallon ƙafar nan. Ya miƙo wuya ya ce a hankali, “Ashe haka ta yi?” Alhaji ya ce, “Haka ta yi, Yaya.” Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan.

Sannan Baba Ɗanladi ya gyara murya ya dube ni.

“Tunda Allah ya tara mu, sai a yi addu'a. Kai makaniki, dawo nan gabana ka zauna. In birki ya tsinke ka kama.”

Ya ɗaga hannu. Ban duba agogo ba, amma har aka kira azahar muna amin. Ya roƙa wa ango da amarya, ya roƙa wa ƙafa, ya roƙa wa waɗanda suka rigaye mu, da damina, da masunta a kogi, da direbobi a hanya. Sannan ya zo kan masu dogon harshe, Allah ya shirye su, ya yi zamansa a nan. A wannan wurin ne amin ta fi ƙarfi, musamman daga wajen mata.

A hanyar gida Hadiza tana bayan babur, ba ta riƙe ni ba, ƙarfen baya ta riƙe. Sai da muka shiga ɗaki ta yi magana.

“Baban Amadu, wane amfani ka yi da takardar?”

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

“Kai ka yi maganar. Ni za a riƙa kallo a kowane suna da kowane biki.”

Wannan ya fi mini ƙafar zafi, don tun daga Bengu har falon mahaifinta kaina kawai nake tunani, ita ban tuna da ita ba. Kwana da kwanaki abinci na zuwa, magana ba ta zuwa.

Bayan kwana uku na ɗauki ƙanen mahaifina da ƙullin goro muka fita ba da haƙuri. Muka fara da Alhaji, muka je Bengu, muka ƙare da gwaggo. (Ita ta fi wuya. Ta sa na maimaita abin da na faɗa a gabanta, sannan ta matso ta rangaɗa mini guɗa a kunne.) Alhaji ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma shaidar nan ta natsattse ban sake jin ta ba. Yanzu in aka tambaye shi ni, cewa yake, “Makaniki ne mai kyau.” Ya tsaya nan.

Daga baya Hadiza ta kai guntayen bidiyon wurin mai montaji na kusa da tasha. A kan wani ɗan siririn ordinatar mai launin toka, wanda ba ya ko numfashi, ya cire muryata a yini ɗaya, ya bar addu'o'in. Na kai wa Alhaji sabon kile da hannu biyu. Ya jujjuya shi, ya mayar mini.

“Wancan na saba da shi. Kuma baƙi shi suka fi so.”

Ban sani ba ko wasa yake. Ba a yi wa suruki irin wannan tambayar. Gonar rake tana nan yadda take, kuma ni ban san komai a kanta ba, ko da an tambaye ni.

Mai shago ya aiko in dawo da baƙin a canza mini. Kunya ta hana ni, yanzu shi ma in na hango shi sai in sake layi. Ordinatar ɗin yana garaji, yana tokare ƙofar ɗakin kayan aiki kada iska ta rufe ta. A nan dai nauyinsa ya yi amfani.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka sayi abin da ba ka sani ba, ka tafi da wanda ya sani, ko da kuwa matarka ce kuma ka riga ka yi mata rashin kunya. In abu yana ƙara, ka tsaya ka ji me ƙarar take rufewa. Kuma waya tana ji ta baya fiye da yadda take gani ta gaba.

Yanzu in aka miƙo mini waya a wurin biki aka ce in ɗauka, sai in fara jefa goro a baki, babba, in bar shi a kunci har a shafa fatiha. Kwanan baya a wani suna Sumaila ya zungure ni da gwiwar hannu.

“Wai lafiya kake? Ka ga rawanin mutumin can kuwa?”

Na ce, “Hm.”